Kafin ki je maɗaba'a, ki fara shiga ɗakin Gwaggo

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffiyar Makka ce, a Shara Mansur na tashi, yanzu ina aure a Jidda. Da mahaifinmu ya rasu bara, mun tarar da wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cikinta akwai takardar tafiyar kakanmu duk ta sha hatimi, da wasiƙun ajami goma sha ɗaya daga Kano, da tsofaffin hotuna. Tun daga nan nake rubuta tarihin gidanmu, na kai shafi casa'in. Wata maɗaba'a ta ce za ta buga mini kwafi 1,000 a kan riyal 14,000, wai ƙasa da haka asara ce. Yayanmu ya kafe sai an rubuta cewa kakanmu na cikin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, alhali Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako da ƙafa, ta ce marini ne daga Kano, kuma sun iso shekarar da ruwa ya cika Harami. Akwai kuma matar da ya bari a Gadarif ta ƙasar Sudan da 'ya'ya biyu, ba a zancenta a gidanmu. Yaranmu Larabci suke karantawa, danginmu na Kano kuwa boko. Na rasa ta inda zan kama.

'Yar'uwarku daga Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Kuɗin nan ki riƙe abinki tukuna. Ko baɗi kika koma maɗaba'a za ki tarar da injinta na juyawa, mai ita kuma zai tare ki da fara'a iri ɗaya. Gwaggo ce ba ki da tabbas a kanta, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Shafi casa'in ɗin da kika rubuta, in ban yi kuskure ba, yawancinsa abin da kika ji ne a bakin mutanen da su ma ji suka yi. Ita kuwa ta gani. Saboda haka cikin makon nan ki shirya zuwa Makka, ki kwana biyu ko uku a wurinta, da jawwal ɗinki, wato wayarki, a cike da caji.

Kada ki tara mata jama'a. Tsohuwa in ta ga 'ya'ya da jikoki sun zagaye ta, labarin da aka saba ji za ta maimaita, wanda ta goge shi tas saboda kunya da kara. Ki same ta bayan la'asar ku biyu, ki zuba mata shahi, ki ajiye wayar kusa da ita tana naɗa, bayan kin gaya mata kina naɗa. Sannan ki kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko da za ku ɗan sha zafi. Na faɗi haka ne don ya ci ni: na taɓa zama da wani kawuna kusan awa biyu, ya kwashe mini labarin yadda suka ƙetare teku, da na koma gida na kunna sai gurnanin na'urar sanyi kawai, muryarsa can ƙasa kamar mai magana a rijiya. Da na sake komawa, ya ce ai ya riga ya faɗa, ba ya maimai.

Kada kuma ki ce mata "Gwaggo ba ni tarihin gidanmu". Wannan tambaya tana rufe baki. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa: wa yake goya ta in ta gaji, me suke ci da safe, da takalmi ta taka ko ba takalmi, a wane gari aka yi mata kitso na fari da ta tuna, jirgin da suka shiga na itace ne mai filafilai ko babba mai hayaƙi, wa ya yi amai, wa ya rasu aka binne a gefen hanya. Ki miƙa mata hotunan ɗaya bayan ɗaya ta riƙe da hannunta. Duk sunan da ta kira ki rubuta a wata takarda daban da lambar hoton, ban da biro a bayan hoto. In ta kauce ta shiga wani zance, ƙyale ta, galibi a kaucewar nan ake tsintar abin kirki.

Wasiƙun ajamin nan ma a gabanta ya kamata a karanta su, don ita za ta san wane ne "Ɗanlami na gidan ƙofa" in an ambace shi. Amma ki nemi dattijon da ya yi allo irin na gida. Yaron da ya yi makarantar nan zai ga harufan ya zaci ya iya, sai ya tafka kuskure, domin a rubutunmu na warash ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Shi kuwa duk inda ya ga ɗigo ɗaya a sama fa zai karanta. Ki naɗi karatun, ki rubuta shi da boko, kalma da kalma, har da gaisuwar da ta cinye rabin wasiƙa.

Gwaggo ta riga ta ba ki turken ɗaure shekaru ba tare da ta sani ba. Ambaliyar da ta cika Harami har aka ga masu ɗawafi da iyo, a 1941 aka yi ta, wato 1360 ta Hijira. An sake yin wata babba a 1969, amma a lokacin ai ta zama uwar 'ya'ya, ba ita take nufi ba. Haka za ki bi sauran. Tsofaffinmu ba sa riƙe lamba, suna riƙe abin da ya faru. In ta ce mahaifinta ya baro Kano zamanin Sarki Alhaji, to tsakanin 1926 da 1953 ne, mulkin Abdullahi Bayero ke nan. In ta ce an yi wa wance aure ana rushe gidaje don faɗaɗa masallaci zamanin Sarki Sa'ud, aikin nan a 1955 aka fara shi. A cikin littafin ki riƙa sa shekarun biyu gefe da gefe, ta Hijira don yaran nan, ta Miladiyya don na Kano. Lissafin kusa ba wuya: ki ninka shekarar Hijira da 0.97, ki ƙara 622. Zai iya kaucewa da shekara guda, saboda haka inda babu takarda ki rubuta "wajen" kafin lambar. Hatiman da ke kan takardar tafiyar kuwa, ki sa gilashin ƙara girma ki bi su ɗaya ɗaya. Su ne za su nuna miki garuruwan da ya ratsa da ranakun.

Yanzu maganar Yaya. Ba zan ce ƙarya yake ba, kuma ke ma kada ki faɗa masa haka. Ga abin da aka sani: Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar a Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga 1903 zuwa 1941 shekara 38 ne. Mutumin da ya iso Makka da ƙaramar yarinya a 1941, kuma wasiƙu na biyo shi daga 'yan'uwansa na Kano, da wuya a ce shi ne ya fito da Attahiru. Amma hanyar mahajjatan ƙafa ta wancan zamani ta bi ta Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har zuwa bakin teku a Sawakin ko Bor Sudan, kuma ba a yin ta a shekara guda. Guzuri na ƙarewa, a tsaya a yi noma ko a tsinci auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Mai Wurno zango ne na Hausawa da Fulani a kan wannan hanya. Ba abin mamaki ba ne kakanku ya yi damina biyu ko uku a can cikin mutanen Attahiru, da labari ya biyo baki zuwa baki sai "ya zauna da su" ya koma "ya zo da su". Ki tambayi Gwaggo wannan kai tsaye.

Mafitar kuwa a ƙofar gidanku take. Kun tashi a garin da malamai ke zama a Harami suna cewa wane ya ba ni labari, daga wane, daga wane. Ki yi haka a littafinki. Ki rubuta: "Gwaggo ta ce, kuma tana cikin tafiyar." Sannan: "Yaya ya ce ya ji daga Baba." Sannan: "Takardar tafiya ta nuna kaza." Ki jera su, kada ki yanke hukunci. Yaya ya ga maganarsa a rubuce da sunansa, ba a wulaƙanta shi ba, mai karatu kuma ba yaro ba ne. Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne ki goge marinin don a samu basarake. Ni dai da za a ba ni zaɓi, marinin nan zan riƙe. Karofin Ƙofar Mata na nan a Kano har gobe, baƙin yadin da ake rinawa a Kano kuma har cikin Sahara Buzaye ke naɗa shi. Mutumin da ya bar karofinsa, da shuni a farcensa, ya taka ƙasa shekara da shekaru don ya ga Ka'aba, ban ga abin da rawani zai ƙara masa ba. Kuma kin san a Ma'alla, maƙabartar Makka, ba a rubuta suna a kan kabari. In littafin nan bai faɗi ainihin sana'arsa da unguwarsa ba, babu wani wurin da zai faɗa.

Matar Gadarif ta fi wannan nauyi. 'Ya'yanta biyu jininku ne, sunansu na da haƙƙin shiga salsala kamar na Baba. Wannan ba abin shawara ba ne. Abin shawara shi ne dalilin rabuwar. In Gwaggo ta san shi kuma babu tonon asiri a ciki, ki rubuta a taƙaice. In akwai abin da zai sosa zuciyar masu rai, ki tsaya a kan cewa ya auri wance a Gadarif, sun haifi wane da wance, sun zauna a can. Kafin ki buga, ki yi ƙoƙarin neman zuri'arsu. Hausawan Gadarif da Kasala da Madani da yawa suna aiki a Jidda, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ƙara watsa mutane, har wasu sun ƙetaro. Ki fara cigiya ta wurin dattawan da suka san unguwannin can. In kin same su, ki ji nasu ɓangaren, domin a gidansu wataƙila labarin ba "ya tafi hajji" ba ne, "ya tafi bai dawo ba" ne. Kada su fara ganin sunan kakarsu a littafin da ba a gaishe su ba kafin a buga shi.

Akwai abin da ba ya shiga littafi ko kaɗan, kuma ke da kike zaune a nan kin fi ni sani. A gida ɗaya akwai mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, akwai mai igama, wato izinin zama, akwai wanda takardunsa ba su daidaita ba. Kada ki rubuta matsayin kowa. Ban da lambar katin kowa, ban da adireshi, ban da cikakkiyar ranar haihuwar mai rai. Hoton mace, ko tsohon hoton biki ne, sai da izininta, in ta rasu da izinin 'ya'yanta. Ki ɗauka cewa ranar da littafin ya fita, wani yaro zai ɗauki hotunan shafukan ya zuba a WhatsApp, ya kai inda ba ki zata ba.

Batun harshe, amsata ita ce duka biyu, a littafi ɗaya. Larabci ya fara daga bangon dama, Hausar boko ta fara daga bangon hagu, su haɗu a tsakiya inda hotuna da salsala da wasiƙun ajami suke, kowane hoto da bayaninsa cikin harsuna biyu. Kowa ya buɗe ta ɓangarensa ya ga littafi cikakke. Ba dole ɓangarorin su zama daidai kalma da kalma ba. Yaron Jidda na bukatar a yi masa bayanin karofi da zaure da fatake, na Kano kuma bai san Misfala da Jarwal ba, bai san me ake nufi da muɗawwif ba. Maganar Gwaggo kuwa ki bar ta yadda ta fito, da Hausarta mai gauraye da Larabci, kada wani mai gyara ya wanke ta ta koma Hausar rediyo. Ko a ɓangaren Larabci ki bar wasu jimlolinta da Hausa cikin harufan Larabci, yaran su furta da bakinsu.

To, maɗaba'a. Mai ita bai yi miki ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Babban injin da ake kira ofset sai an yi masa faranti na kowane rukunin shafuka, kuɗin farantin nan ɗaya ne ko kwafi 50 za a buga ko 5,000, shi ya sa yake tura ki zuwa dubu. Amma akwai bugun dijital, wanda ba ya bukatar faranti, ana buga 30 ko 60 ko 100. Kowane kwafi ya fi tsada, jimlar kuɗin kuwa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma in an gano kuskure ko an yi sabuwar haihuwa sai a gyara a ƙara bugawa. Ki ƙirga gidaje, kada ki ƙirga kawuna: gida nawa zuri'ar kakanku ta kai a Makka, Jidda, Madina, Riyad? Ki ƙara goma a kai. Na san gidajen da kwalayen littafi suka shekara biyar a saman kabad, ƙura da danshin Jidda suka gama da su. Na Kano kuwa kada ki yi dakon takarda a jirgi. Ki tura wa amintacce ɗaya fayil ɗin, a buga nasu a can.

Ki je wurare uku, ki ce kowa ya rubuta miki farashi a kan abu iri ɗaya: girman 17 da 24 na santimita, wanda aka saba da shi a littattafan Larabci kuma yana ɗaukar hoto da kyau, takardar ciki mai giram 80, hotuna masu launi a tattare a tsakiya kan takarda mai sheƙi, don shafin launi shi ke cin kuɗi, bango mai kauri. Ki tambaya ko za su ɗinke ko gam kawai za su sa. In da hali ki zaɓi ɗinki, domin littafin gam in ya wuni a mota a zafin nan sai ki ga shafuka na zubewa. Salsala in ta yi faɗi, a yi ta a babbar takarda mai naɗewa, ko a raba ta ɗaki ɗaki, kowace matar kaka da shafinta.

Takardun adakar nan kada ki bar su a hannun kowa. Ki tsaya a kansu a yi musu sikan a gabanki, aƙalla 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, ƙananan hotuna 600, ki koma gida da abinki. Kada a manne su da leda mai zafi, kada a liƙa musu salatif, duka biyun suna kashe tsohuwar takarda. Hoton da dangi za su turo miki ta WhatsApp su turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na matse shi, a waya ya yi kyau, a takarda ya fito dishi-dishi.

Sai harufanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Mai tsara shafi a Jidda bai san da su ba, kwamfutarsa kuma in ba ta da irin rubutun da ke ɗauke da su, ko ta mai da su akwatuna ko shi ya maye su da b da d da k don ya huta. An taɓa yi mini haka a wata 'yar takardar ta'aziyya: na rubuta cewa gidan marigayi ba ya rabo da baƙi, aka buga ba ya rabo da baki, aka raba wa mutane a wurin zaman makoki. Ki yi amfani da rubutu irin Charis ko Gentium ko Noto Serif, duk kyauta ne kuma suna da harufan. In za ki buga ajami da kwamfuta, akwai wanda ake kira Alkalami, an zana shi a kan salon rubutun Kano. Ki miƙa aikin a PDF, ba a Word ba, don kada komai ya motsa.

Littafin da za a buga a ƙasar nan yana bukatar izinin bugawa daga hukumar yaɗa labarai, abin da ake ce wa fasahu, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da lambar ajiya kuma daga Ɗakin Karatu na Sarki Fahad da ke Riyad ake samunsu. Ki gaya wa maɗaba'ar tun farko cewa tarihin iyali ne, da salsala a ciki, ba na sayarwa ba, su faɗa miki takardun da za ki kawo kafin ki ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami. In dangi za su yi karo-karo, kowane ɗaki ya ba da daidai da na ɗan'uwansa. Wanda ya biya rabi, gobe zai ce hoton babansa ya yi ƙanƙanta.

Kafin a buga duka, ki ce a fitar miki da kwafi ɗaya tak, ɗinkakke da bangonsa. Ki ba mutum biyu su duba, ɗaya Larabcin ɗaya Hausar, su bi sunaye da yatsa, don mutum na yafe kuskuren shekara amma ba ya yafe a tsallake sunan 'yarsa. Ki ce a bar shafi huɗu farare a tsakiya bayan salsala, na rubuta haihuwa da aure da rasuwa da hannu. Daga nan ki ɗauki kwafin nan ki kai Makka, ki kira Yaya ya zo, ki zauna kusa da kunnen Gwaggo mai ji, ki karanta mata ɓangaren Hausar a hankali, da fensir a hannunki. Duk inda ta ce "a'a, ba haka ba ne", ki tsaya ki sa alama.